Wa'azin "Daniyel a Babila" da Ɗalibanmu na Birnin Kudu da Gwaram

Duk wanda ya saba halartar zumuntar ɗalibai ya san wannan wa'azi. Akan karanta Daniyel 1:8, inda saurayin ya ƙi abincin fada, sa'an nan a ce makaranta ita ce Babila, ɗalibi mai bi shi ne Daniyel, aikinsa kuwa ya keɓe kansa. Ba mu raina amfaninsa ba. Ƙungiyoyi irin su FCS, wadda aka kafa a 1957, da NIFES ta 1968, sun reni masu bi da yawa, kuma labarin Daniyel ya ƙarfafa matasa su guji satar amsa, shaye-shaye da fasikanci. Amma idan muka auna wa'azin da nassin kansa, muka kuma auna shi da zaman ɗalibi a kudancin Jigawa, za mu ga ya gaza a wuri uku.

Na fari, yana tsayawa a aya ta 8, alhali labarin bai tsaya nan ba. Daniyel ya koyi harshe da littattafan Kaldiyawa shekara uku. An sa masa suna Belteshazzar, nassin bai ce ya yi gardama ba. Ko a zancen abincin, roƙo ya yi cikin ladabi, ya nemi a gwada su kwana goma, domin ya san shugaban fadawan yana tsoron rasa ransa. A sura ta 2, da aka yanke wa masu hikimar Babila hukuncin kisa, shi ne ya ce wa Ariyok kada a hallaka su, ko da yake ba Allahnsa suke bauta wa ba. Abu ɗaya ya ƙi, ya karɓi da yawa, ya kuma ceci rayukan abokan aikinsa.

Na biyu, Daniyel ɗan bauta ne da aka kwaso daga Yahuza. Wasu ɗalibanmu baƙi ne, sun zo karatu daga Filato ko Kaduna. Amma akwai 'ya'yan ƙauyukan yankin, Hausawa da Warjawa, waɗanda kaburburan kakanninsu suke nan, kuma a danginsu akwai Musulmi. Idan aka koya wa irin wannan yaro cewa garinsu Babila ne, an ba shi hujjar yanke zumunci, an kuma gaskata masu cewa bin Almasihu addinin baƙi ne. Sai ya dawo hutu Gwaram yana addu'a da Turanci, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa, yana ƙin kunun da maƙwabciya ta aiko da azumi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Batun abincin maƙwabci kuwa yana da nasa nassi, 1 Korantiyawa 10:27-30, kuma da shi ya kamata a horar da lamiri.

Na uku, wa'azin yana auna bangaskiya da abin da mutum ya ƙi, da yawan tarurrukan da ya halarta. A Daniyel 6:4, maƙiyansa sun bincika aikinsa na hukuma, ba su sami ha'inci ko sakaci ba. A Birnin Kudu akwai makarantar koyon aikin jinya da Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Ɗalibar da ta kwana a addu'ar dare, ta wayi gari tana gyangyaɗi a gefen gadon mai naƙuda, ba ta bi sawun Daniyel ba. Marasa lafiyar da ake kawowa daga ƙauyukan Gwaram, yawancinsu Musulmi ne, ba za su taɓa jin wa'azinta ba. Abin da za su gani shi ne ko ta gaishe su da mutunci, ko ta kiyaye kunyar mace, ko ta rubuta gaskiyar awon da ta yi. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.

Saboda haka muna ba fastoci da masu kula da zumunta shawara su koyar da surori shida na farko a jere, tare da Irmiya 29:7, inda aka umarci ko 'yan bauta su nemi zaman lafiyar garin da suke ciki, su yi masa addu'a. Idan an bukaci haka daga baƙo, balle ɗan gari.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Me Daniyel ya ƙi, me kuma ya karɓa? Yaya ya bambanta su?
2. Waɗanne al'adun zumunci na garinku ɗalibi mai bi zai riƙe ba tare da sāɓa wa bangaskiyarsa ba?
3. Idan lokacin zumunta ya ci karo da aikin asibiti ko jarrabawa, wace shawara za ka bayar?