Waƙoƙin Ƙarshen Zamani: Ina Ciwon Yake?

Waƙoƙin ƙarshen zamani da matasa ke aiko mana daga Kankiya da Kusada duk kanwar ja ce: a jero alamomi, a ambaci Dujal, a rufe da kiran tuba. Niyya ta yi kyau, amma mai karatu ba ya jin komai a jikinsa.

Shi irin wannan adabi a cikin ƙunci ake haihuwarsa. Manazarta sun ce an rubuta wahayin da ke littafin Daniyel wajen shekara 165 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Sarki Antiyokas ya hana Yahudawa ibadarsu. Wahayin Yahaya kuwa ya fito ne Kiristoci na ƙarƙashin Rumawa, kuma dabbar nan mai kai bakwai ana fassara ta da daular Rum. A nan gida, bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, zancen Mahadi ya ƙara ƙarfi har ya haifar da tawayen Satiru a 1906.

Don haka, 'yan'uwa marubuta, kafin mu ce duniya ta zo ƙarshe, mu fara nuna manomin da tsoron 'yan bindiga ya raba da gonarsa.