Masu Hidimar Hubbaren Gwandu

Hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana cikin garin Gwandu, a Jihar Kebbi. A nan ƙanen Shehu Usmanu yake kwance kusan shekara 200, shi da ya riƙe yammacin Daular Sakkwato, ya kuma wallafa tafsirin Diya'ut Ta'awili. Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817, yana Sakkwato, na Muhammadu Bello kuwa a Wurno.

Sarkin Sin na farko, Cin Shi Huwang, an binne shi da dubban sojojin yumɓu, waɗanda manoma suka gano a 1974. Waɗannan shugabannin jihadi kuwa likkafani kawai suka tafi da shi, shi ya sa kiyaye makwancinsu ya rataya a wuyan masu hidima.

Waɗannan bayin Allah sun cancanci jinjina. Su ke share farfajiya, su tarbi baƙo daga Maruda ko Kalgo, su nuna masa inda zai tuɓe takalmi, inda zai tsaya ya yi sallama da addu'a. Bakinsu ma taska ne: sunayen mamata da nasabarsu suna kansu, suna zayyana wa ɗalibin da ya tambaya dalla-dalla.