Ƙaro a Littafin Dalziel: Abin Yabo da Abin Gyara

A shekarar 1916 Likita J. M. Dalziel ya fito da littafinsa mai suna A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen itatuwa da Hausa, ya haɗa su da sunayensu na Latin. Har yau duk mai neman sanin itatuwan ƙasar Hausa ba shi da makawa sai ya bi ta kansa. Nufinmu a nan mu auna amfaninsa a kan abu guda, watau ƙaro.

Yabon da ya cancanta shi ne, mutumin ya saurari masu harshe. Ya tara sunaye irin su daƙwara da dashi da hano da maje da atili, ya danganta kowanne da itacensa, masana kuma sun laƙaba wa hano sunansa, Boswellia dalzielii.

Amma fa jerin sunaye ba ya koyar da bambancin halitta. Bahaushe yakan ce ƙaro ga abubuwa biyu. Akwai wanda ke narkewa cikin ruwa, kamar na daƙwara, wanda malamai ke sa wa tawada don ta kama allo. Akwai kuma wanda ruwa ba ya narkar da shi duka, sai wuta ta fito da ƙanshinsa, kamar na hano da na atili, waɗanda akan yi turare da su. Na maje kuwa yakan fito ruwa-ruwa, don yana da mai. Littafin da aka shirya bisa bin haruffa dole ya warwatsa waɗannan, har ɗalibi ya zaci duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Na biyu, ba a nuna karin sauti ba, wanda kuwa ba Bahaushe ba ne sai ya nemi ƙamus na Bargery na 1934 kafin ya san lafazin.

Na uku, sunayen Latin ba a kan dutse aka rubuta su ba. Daƙwara da aka daɗe ana kira Acacia senegal, yanzu masana da yawa Senegalia senegal suke ce mata. Malamin da ya kwafe sunan 1916 ya ba almajiransa ba tare da bincike ba, ya ba su tsohon kuɗi su je kasuwa.

Saboda haka muna ba malaman kwalejojin horon malamai shawara su riƙe littafin nan a matsayin mabuɗi kawai, su gwada shi da The Useful Plants of West Tropical Africa na 1937, da sabon bugun da H. M. Burkill ya fara fitarwa a 1985. Sa'an nan su kawo ƙaron daƙwara da na hano cikin aji, da ƙoƙon ruwa da kaskon garwashi, ɗalibai su gani da idonsu. Gani ya kori ji.