Naman layya ya fi ƙarfin lemun kwalba

Mutumin Adar ba ya wasa da zaɓen rago. Zai je kasuwar Tawa ranar Lahadi, ko ya gangara Badagishiri, ya ɗaga leɓen dabba ya duba haƙori, ya daddanna gadon baya, ya yi ta ja-in-ja da dillali a kan Balami ko Uda har rana ta take. Amma wannan mutum da ya kwashe mako yana neman rago, in aka zo abin da za a kora naman da shi, sai ya miƙa wa yaro kuɗi ya ce: "Je ka shago ka ɗauko lemu kiret biyu." Shi ke nan. Wannan sabon yayi ne da ke cin gidajenmu, kuma ni a ganina asara muke yi.

Turawa suna da wata ɗabi'a. A Amurka, ranar Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba, ana gasa talo-talo don bukin godiya, kuma kafin ranar jaridu kan cika da muhawara a kan irin giyar inabin da ta dace da naman. Giya haramun ce a wurinmu, babu mai jayayya. Amma dabarar da ke bayan muhawarar ba ta Nasara kaɗai ba ce: abu mai tsami yana yanke maiƙo, abu mai zaƙi da yawa yana kashe ɗanɗanon nama. Kakanninmu mata sun san wannan ba tare da sun karanta a ko'ina ba, kuma da shi suke shirya abin shan Salla.

Dubi yadda layyarmu take. Da an sauko daga idi an yanka, sai a feɗe ragon, a baje shi a kan sanduna biyu a giciye, a kafa shi a bakin wuta tare da na maƙwabta. Haka zai wuni yana gasuwa a hankali, kitse yana ɗiga cikin kwanon da aka ajiye a ƙasa. Ran nan kayan ciki ake ci, hanta da ƙoda da tumbi, soyayyu da albasa. Sai washegari a sauke naman a rarraba wa dangi da maƙwabta da mabukata, sauran kuma a soya shi cikin kitsensa a adana. Wato nama iri uku ne cikin kwana biyu, kuma kowane da abin shan da ya dace da shi.

Kayan ciki suna da ƙarni da nauyi. Abokin tafiyarsu lemun citta ne, wanda aka daka ɗanyar citta aka matse lemun tsami a ciki, yana ɗan yaƙushin maƙogwaro. Gasasshen nama mai kitse, wanda aka dangwala a yaji, shi kuma tsami yake nema: zoɓo, wanda da yawanmu ke kira bisaf, ko ruwan tsamiya da aka jiƙa tun dare. Kurɓa ɗaya za ka ji bakinka ya wanke, ka sake kai hannu cikin tire. Fura kuwa, ko hura kamar yadda muke faɗa a nan, ba a haɗa ta da nama a zama ɗaya, don ita kanta abinci ce. Tata sa'ar tsakar rana ce, lokacin da masu tsaron wuta suka jiƙe da gumi, a dama musu ita da nonon shanun Azawak, har a ji gasarar gero a harshe. Daga ƙarshe sai shayi, wanda muka gada daga maƙwabtanmu Buzaye na Abalak da Cintabaraden: butar ƙarfe a kan gawayi, kofi uku, na farko da ɗaci, shi ne mai saukar da nauyin kitse a buɗe hira.

To, me lemun kwalba yake yi a wannan tsari? Ɗanɗano ɗaya gare shi ga hanta da haƙarƙari da soye duka. Gas ɗinsa ya cika ciki kafin mutum ya ci rabin rabonsa, zaƙinsa ya danne ƙamshin hayaƙin da aka wuni ana nema. Gwangwani ɗaya na Coca-Cola mai santilita 33 yana ɗauke da sukari kusan giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babban mutum, in ma da hali ya tsaya a 25. Yaron da ya zaga gida huɗu barka da Salla, kowane gida aka buɗe masa kwalba, sai ku lissafa.

Ga kuma lokaci. Shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kwana 11 ko kusan haka, shi ya sa Babbar Salla ta faɗo tsakiyar Yuni a 2024, farkon Yuni a 2025, tana tafiya zuwa Mayu da Afrilu. Duk ɗan Tawa ya san abin da bazara take nufi: zafi ya haura digiri 40. A irin wannan rana jiki ruwa yake so, ba sukari ba.

Ban manta da dalilan masu sayen lemun ba, kuma wasu suna da ƙarfi. Ranar Salla mace ce ke wankin hanji, ita ke suya, ita ke tuwo, ita ke shirya yara. In ta ce, "Malam, ni ba ni da hannu goma," gaskiyarta. Akwai kuma mai tsoron ruwan da aka haɗa zoɓon leda da shi, shi ma ba a ga laifinsa ba. Amma maganin waɗannan a kusa yake. A kowace unguwa akwai matan da haɗa zoɓo da lemun citta ne sana'arsu. Maigida ya ba da kuɗi tun kwana biyu kafin Salla, a yi masa jarka da tafasasshen ruwa. Kuɗin ya zauna a unguwa, uwargida ta huta. Dalilin da ba na karɓa shi ne na a-gani-a-faɗa: wai kada baƙo ya ce ɗan gidan ya dawo daga Abijan ko Libiya amma an tarbe shi da tsamiya.

Su ma masu zoɓon ina da magana da su. Wasu sun mai da shi lemun kwalba na biyu: sukari tuli, ga garin kala da turaren kanti na abarba, har ba a jin tsamin da ake nema. Citta da kanumfari da na'ana'a sun isa. Sukarin a rage shi, mai so ya ƙara a kofinsa.

Ba cewa nake a kori kwalba daga gari ba. Yara su sha ɗaya su yi murna. Amma ƙasar da ta fitar da albasar Galmi da cukun Abalak ba ta rasa abin tarbar baƙo ba, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Maigida, bana in ka gama cinikin rago, kada ka fita kasuwa sai ka bi ta layin masu kayan yaji ka auni zoɓo da tsamiya da citta. Allah ya kai mu Sallar lafiya, ya karɓi layyarmu.