Sai Masu Gida: Kakar 2009 Ba Ta da Ta Biyu

Ku ɗan ajiye mini kofunan nan a gefe tukuna. Na san su, ina kuma tinƙaho da su kamar kowane ɗan Pillars: lig na 2008, sannan uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, ga kofin Aiteo na 2019 da aka ɗauko a Kaduna bayan an yi wa Niger Tornadoes fintinkau a bugun fenariti. Duk sun yi daɗi. Amma in ana zancen kakar da ta fi kowace armashi, wadda ta fi kowace ɗaga kan Bakano, wadda har gobe in an ambace ta sai tsigar jiki ta tashi, to ni dai 2009 ce, shekarar da ba mu ɗaga kofi ko ɗaya ba. Duk mai ja ya zo mu zauna.

Ku tuna yadda muke a lokacin. Kano Pillars ba ta cika shekara ashirin ba, tunda a 1990 aka haɗa WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka yi kulob guda. Kadiri Ikhana ya ciyo mana lig na farko a 2008, shi ya ba mu tikitin shiga gasar zakarun Afirka, karo na farko a tarihinmu. Baƙi ne mu a wajen, ba wanda ya san mu, ba wanda ya sa mu a lissafi. Koci kuma wani Bature ne daga Sulobeniya, Ivo Sajh, wanda mafi yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba kafin ya sauka Kano. Sai ga shi a zagaye na ƙarshe kafin shiga rukuni an haɗa mu da Al Ahly ta Masar.

Al Ahly fa! Kulob ɗin da aka kafa tun 1907, wanda CAF ta naɗa gwarzon ƙarni, mai riƙe da kofin a lokacin, mai kofi shida a kabad, uku daga ciki cikin shekara huɗu kacal: 2005 da 2006 da 2008. Kocinsu Manuel José, dattijon nan ɗan Fotugal da ya mayar da cin kofin Afirka abin yau da gobe. A cikin 'yan wasansu akwai Mohamed Aboutrika, mai sanyin ƙafa da kaifin ido, wanda ya ci wa Masar ƙwallon da ta doke Kamaru a wasan ƙarshe na kofin nahiya a Ghana a 2008. Akwai Barakat, akwai Wael Gomaa a baya, akwai Flavio ɗan Angola mai tsalle da kai. Kusan rabin tawagar ƙasar Masar ke nan sanye da jar riga.

Wasan farko, namu na gida, aka tashi ɗaya da ɗaya. Nan fa masu lissafi suka ce an gama, domin kunnen doki da ƙwallo a ragarka a gida, a ƙarƙashin dokar ƙwallon waje, kusan rashin nasara ne. Al Ahly ko canjaras babu ci ta yi a Alƙahira ta wuce. Har a cikinmu akwai waɗanda suka fara cewa ai ko a nan aka tsaya an yi ƙoƙari.

Sai yaran nan suka je Alƙahira a farkon watan Mayu suka zura biyu.

Biyu! A gidan Al Ahly, a gaban 'yan kallonsu masu ganguna da tutoci da ihun da ke kashe wa baƙo gwiwa tun kafin a busa usur. Aka tashi biyu da biyu, jimilla uku da uku, kuma dokar nan da ake cewa ita za ta kore mu ita ce ta kore su, domin mu mun ci biyu a waje, su ɗaya. Abin da ke ƙara burge ni har yau shi ne Pillars ba ta je da niyyar a jibge mutum goma a bakin raga ana addu'ar a kai fenariti ba, don ta san dole sai ta ci, kuma ta fita neman cin, da ƙarfin hali, da zafin nama, da taurin kai irin na wanda bai san ana jin tsoron wani ba. Mai riƙe da kofi ya faɗi tun kafin rukuni. Bayan 'yan makonni Manuel José ya tafi horar da Angola.

Mu nan kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, lokacin sharar gona ne, ana jiran ruwa ya sauka. Ba kowa ne ya samu ganin wasan ba. Da yawa ta rediyo da wayar 'yan uwa na birni labarin ya iso. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda teburin mai shayi ya koma aji. Wani ya ce ai kunnen doki aka yi, ina abin murna? Sai ka ga saurayi ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi biyu da tsinke, nan gida nan waje, ya ɗora tsakuwa ɗaya a wannan gefe, biyu a wancan, yana yi wa dattijo bayani: "Baba, tasu ɗaya ce a gidanmu, tamu biyu ce a gidansu, to mu muka wuce." Dattijo ya gyara hula ya ce, "Kai, yaro, Masar ɗin?" Aka ce Masar ɗin dai. Daga nan sai "Sai Masu Gida!" ta ko'ina, har da waɗanda ba su san yawan mutanen da ke buga ƙwallo a fili ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da masu baƙin ciki sun ce sa'a ce ta dare ɗaya. To bai tsaya ba. Aka jefa mu rukuni da manyan Sudan guda biyu, Al Hilal da Al Merreikh, dukansu na Omdurman, ga kuma ZESCO United ta Ndola a Zambiya. Al Merreikh a lokacin kuɗi take zubarwa ba ji ba gani, har ta sayo Stephen Worgu daga Enyimba, yaron da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2008. Wasa shida, daga Yuli zuwa Satumba, cikin tsakiyar damina, masara na bunƙasa, na ƙarshe-ƙarshen kuma suka faɗo cikin azumi. Tafiya Sudan sau biyu, ƙasar da ke cike da Hausawa jikokin mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa suka yada zango a can. Da aka tattara maki, wa ke saman tebur? Baƙon da ba a sa a lissafi ba. Mu muka ja rukunin, Al Hilal na bin bayanmu.

Kuma ku dubi irin 'yan wasan wancan zamani, don Allah. Theophilus Afelokhai a raga, gola mai zuciya, mai tsawa, mai tashi sama kamar an harba shi, wanda ya yi shekaru a Kano har muka ɗauke shi ɗan gida. Gambo Muhammad a gaba, dogo, mai ƙarfi, mai jure duka, wanda daga baya ya kai ga sa rigar Super Eagles a gasar kofin nahiyoyi ta 2013 a Barazil. Ba su da albashin da za a buga a jarida, ba su da jirgin kansu, filayen da suka saba bugawa a lig wasu ko akuya ba za ta yi marmarin ciyawarsu ba. Amma in suka sa rawaya da kore, sai dai ka yi shiru ka sha kallo. Wannan zubin ne ya riƙe mana tarihin nan na shekara goma sha biyu ba a doke mu a gida a lig ba, daga 2003 har zuwa 2015 da Nasarawa United ta zo ta karya shi. Wanda ya taɓa fita Doguwa da asuba, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya hau titin Zariya a Kwanar Dangora, don kawai ya samu wurin zama a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kafin la'asar, ya san ba ya tambayar ko za a ci. Da nawa za a ci, ita ce tambayar.

Yanzu ga inda ke yi mini ciwo. Wasan kusa da na ƙarshe, a watan Oktoba, ana shirin kakar masara, sai aka haɗa mu da 'yan gida, Heartland ta Owerri. Muka je can aka zuba mana huɗu babu ko ɗaya. Huɗu! Ƙungiyar da ta tsaya ƙyam a Alƙahira ta je Owerri ta watse cikin minti casa'in. A wasa na biyu ma suka ƙara mana ɗaya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin Heartland ba baƙuwarmu ba ce, mun san ta ta san mu, kowace shekara muna haɗuwa a lig, kuma ba ta fi Al Ahly komai ba. Ita ma ba ta ci ribar abin ba: ta je wasan ƙarshe da TP Mazembe ta Kwango, ta ci biyu da ɗaya a gida, aka ci ta ɗaya a Lubumbashi, dokar ƙwallon waje ta raba ta da kofin. Mazemben nan ce fa ta kai wasan ƙarshe na kofin kulob-kulob na duniya a 2010 ta kara da Inter Milan. Ku duba kusancin da muka yi da wannan sahu.

Ƙorafina na biyu a kanmu yake, mu magoya baya. Shiga kowane gidan kallo a Tudun Wada ko Dadin Kowa ranar Asabar, janareta na ruri, allo a ƙofa an rubuta wasannin Ingila da alli, za ka samu yaro ɗan shekara goma sha biyar da zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal har da na benci, da kuɗin da aka sayi kowanne. Tambaye shi wa ya fitar da Al Ahly a 2009, sai ya tsaya yana kallonka. Ba laifinsa ba ne, ba a ba shi labari ba. Masu gidajen kallo su nemo faifan wasan Alƙahira su riƙa sakawa kafin a fara na Turai, ko sau ɗaya ne a shekara.

Na san masu cewa 2014 ta fi, saboda cin lig uku a jere ba wasa ba ne, kuma ban raina hujjarsu ba. Amma su amsa mini wannan: bayan 2009 mun koma gasar zakarun Afirka a 2011 da 2013 da 2014 da 2015 da 2019, da 'yan wasan da wasu ke cewa sun fi na da, kuma ko sau ɗaya ba mu sake taka matakin rukuni ba. Wydad ta tare mu, Léopards ta tare mu, Vita ta tare mu, har Asante Kotoko. Lig kuwa ƙungiyoyin Najeriya da dama sun ci, wasu ma an manta da su. Waɗanda suka je Alƙahira suka tuɓe wa mai kofi rawani a gaban jama'arsa, ku ƙirgo mini su.

Kuma kakar ba ta tafi ta bar mu hannu rabbana ba. Ana cikin jimamin Owerri, sabuwar kakar lig ta 2009/2010 ta kankama, sai ga wani siririn yaro daga Jos, ɗan shekara goma sha bakwai, yana gudu a gefen fili ana rasa mai kamo shi. Ya zura 18, ya kafa sabon tarihin cin ƙwallo a lig, muka ƙare na biyu a bayan Enyimba, Turawan Holan suka zo suka ɗauke shi. Sunansa Ahmed Musa.