Ina Hujjarka? Yadda Editan Wikipedia ke Gyara Shafin Kazaure

Duk wanda ya rubuta "Gwiwa" ko "Roni" a wayarsa ya nema, da wuya ya gama duba sakamakon farko bai ci karo da Wikipedia ba. Ɗalibin kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure, in aka ba shi aikin gida, can yake fara leƙawa. Haka ɗan jaridar da ke Abuja yana son sanin inda Babura take. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi wanda ya zauna ya jera waɗannan jimloli. Ɗan sa-kai ne, ba albashi ba alawus, da kuɗin datarsa da cajin wayarsa yake yi. A tsakaninsu suna kiran kansu editoci, abin da suke rubutawa kuma muƙala.

Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe wannan kundin sani a Amurka ranar 15 ga Janairu, 2001. Yau ana rubuta shi da harsuna sama da 300, Hausa ma tana da nata sashen, da ƙungiyar 'yan sa-kai masu shirya tarukan koyar da sababbin hannu. Ƙa'idar da aka kafa shi a kai tana ba mutum tsoro in ya fara jin ta: kowa yana iya danna "Gyara" ya sauya abin da ke shafi. Abin da ya hana wurin zama juji shi ne ƙwarewar waɗanda suka ɗauki aikin da gaske.

Gwanin edita ba ya fara rubutu da ya buɗe shafi. Maɓallin "Tarihi" yake fara taɓawa. A nan ake ajiye kowane gyara da aka taɓa yi tun ranar da aka ƙirƙiri muƙalar, layi bayan layi: kwanan wata da lokaci, sunan wanda ya yi, sai wata 'yar lamba a gefe. In lambar koriya ce da alamar ƙari, an ƙara rubutu. In ja ce da alamar ragi, an cire. Idonsa kan tsaya a kan jar lamba mai girma, domin wanda ya share sakin layi uku bai bar bayani ba, akwai magana. Sai ya zaɓi gyara biyu ya kwatanta su. Manhajar za ta shimfiɗa masa tsohon rubutu da sabo, ta shafa wa kalmomin da suka sauya launi, har waƙafi guda ba ya ɓuya. Cikin 'yan mintuna ya san wanda ya gina shafin, da wanda ya zo wucewa ya yi ɓarna, da inda aka taɓa yin jayayya.

Bayan nan sai neman hujja, kuma a nan mafi yawan lokacinsa ke tafiya. A ce yana son ya rubuta cewa Ɗan Tunku ne ya kafa masarautar Kazaure a wajajen 1819, bayan ya taso daga Dambatta. Tun yana yaro yake jin wannan a gida, amma jin da ya yi bai isa ba. Zai nemo littafi irin na Hogben da Kirk-Greene a kan masarautun Arewacin Nijeriya, wanda aka buga a 1966, ya buɗe inda aka yi maganar Kazaure, ya karanta, ya rubuta lambar shafi a takarda. Daga nan ya rufe littafin ya tsara jimlar da kalmominsa, don kwafar rubutun wani kai tsaye laifi ne da ke sa a goge aiki baki ɗaya. A ƙarshen jimlar ya danna wurin saka madogara, ya cike sunan marubuci da na littafi da shekara da shafi. Da ya wallafa, wata ƙaramar lamba za ta bayyana a saman jimlar, cikakken bayanin kuma ya sauka ƙasa a sashen "Manazarta". Jimlar da ta zo ba wannan lamba, wani edita yana iya liƙa mata tambarin "ana buƙatar hujja", in ta daɗe ba a kawo ba a cire ta.

Wannan ƙa'ida tana matsa mana, mu da yawancin tarihinmu ke ƙirjin dattawa. Akwai tsohon da zai zauna a Roni ya jero maka dagatan garinsu da kakanninsu ba tare da ya yi tuntuɓe ba, amma edita ba shi da ikon ya rubuta "wane ne ya faɗa mini". Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2011 Achal Prabhala ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu, na naɗar muryar masana na baka a kafa hujja da ita, amma ƙa'idar ba ta sauya ba. Ni ina ganin tana da amfaninta duk da ciwonta, domin ranar da aka yarda da "an ce", mai ƙarfin baki ne zai rubuta tarihin kowa. Edita mai haƙuri yakan bi ta doguwar hanya: ya bincika ko wani malami a Jami'ar Bayero ya taɓa yin hira da irin waɗannan dattawa ya wallafa, ko wata jarida ta buga, ko masarauta ta fitar da littafi. In ya samu, ilimin dattijon ya sami ƙofar shiga.

Akwai ƙananan ayyukan hannu da mai karatu ba ya lura da su. Babban yatsa yana danne harafin k har sai ƙ ta fito, haka ɗ da ɓ, don wanda ya yi kasala a nan ya ɓata wa mai karatu ma'ana. Sunan gari kamar Amaryawa ko Korayel ana rufe shi da baka biyu masu kusurwa ta kowane gefe, sai ya zama mahaɗa: shuɗi in garin yana da shafinsa, ja in ba a rubuta ba tukuna. Hoto kuwa ba a ɗauko shi daga Facebook. Edita zai je da kansa bakin dam ɗin Ayuba ko gindin duwatsun Kazaure, ya jira rana ta karkata, ya ɗauka, ya ɗora a rumbun Wikimedia Commons tare da amincewa kowa ya yi amfani da shi muddin ya ambaci mai shi. Kafin ya danna wallafawa, sai ya cike ɗan akwatin taƙaita gyara da abin da ya yi da dalilinsa, saboda wanda zai zo duba tarihi a bayansa.

Mai gaggawa yana da hanyarsa. Ya kwaso muƙalar Turanci ya zuba wa injin fassara, ya juye abin da ya fito, ya wuce ta gaba, adadin gyare-gyarensa na ta hauhawa. Jimlolin kuwa ba Bahaushen da zai gane su. An ga inda irin wannan ke kaiwa a 2020, lokacin da aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen Scots na ƙasar Scotland ba shi ya rubuta dubban muƙalolin sashen wannan harshe. Gwani kuwa yakan karanta kowace jimla a bayyane, ya saurari kunnensa, ya rushe wadda ba ta zauna ba ya sake gina ta.

Inda gwaninta ke fitowa fili sosai shi ne ranar da editoci biyu suka saɓa. Wani saɓanin mai sauƙi ne. Mutum ya ga Babura tana makwabtaka da Kazaure, kuma mazaɓar sanata ɗaya ta haɗa su, sai ya rubuta cewa tana cikin masarautar Kazaure. Wanda ya san ƙasar zai gyara: ƙananan hukumomin masarautar huɗu ne, Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim. Wani kuma ya ɗauko tsohon littafi ya rubuta cewa Kazaure tana Jihar Kano. Littafin bai yi ƙarya ba, an dai buga shi ne kafin 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiri Jigawa. Maganin wannan shi ne a sa wa jimlar zamaninta.

Saɓanin ƙidaya ya fi wannan buƙatar dabara. Edita ɗaya ya sa cewa mutanen Jigawa 4,348,649 ne a ƙidayar 2006, wani ya goge ya sa 4,361,002, kowannensu yana riƙe da takardar gwamnati. Wanda ya natsu ya bi diddigi zai gano cewa dukansu suna da gaskiya: na farko sakamakon wucin gadi ne da aka fara fitarwa, na biyu shi ne na ƙarshe da aka buga a 2009. Sai a ɗauki na ƙarshe, a bayyana a madogara wanne ne, rigima ta mutu ba wanda ya ji kunya.

Mai wuyar shi ne wanda ya taɓa zuciya. Lokacin da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819, Ɗan Tunku bai bi shi ba, aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sakkwato ta tabbatar wa Kazaure cin gashin kanta. Marubutan Kano sukan sa shi cikin waɗanda suka ƙi yin mubaya'a. Mutanen Kazaure kuwa suna ganinsa mai tutar Shehu da ya kare abin da yake nasa. A ce edita Bakano da edita ɗan Kazaure sun haɗu a wannan sakin layi. Wannan ya rubuta, wancan ya mayar da shafi yadda yake a da, wannan ya sake dawo da nasa. Shi ake kira yaƙin gyara. A sashen Turanci akwai doka a kansa: wanda ya mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya dakatar da shi, ko da shi ke da gaskiya.

Gwani ba ya bari a kai nan. Da aka mayar masa da gyara sau ɗaya, sai ya ɗauke hannu daga muƙalar ya koma shafin "Tattaunawa", wanda ke manne a bayan kowace muƙala. Ya buɗe sabon kanu, ya yi sallama, ya rubuta wani abu kamar haka: Malam, barka da ƙoƙari. Na ga ka cire jimlar da na sa. Ga littafin da na dogara da shi da lambar shafinsa. Don Allah wane littafi ne a wajenka, mu duba tare? Sai ya rufe da 'yar alamar nan mai lanƙwasa guda huɗu a jere, wadda manhaja ke mayarwa sunansa da lokacin da ya yi rubutun. Bai tambayi mutumin ɗan wane gari ne ba, bai kuma zarge shi da son kai ba, don ƙa'ida ce a kyautata wa abokin aiki zato. Daga nan sai jira, wani lokaci kwana biyu, wani lokaci mako, alhali jimlar da bai yarda da ita ba tana nan a shafi duniya na karantawa. Wannan jiran ya fi komai burge ni a aikin, domin a dandalin sada zumunta da tuni an yi zage-zage an toshe juna.

In littattafai suka zo, ba a zaɓar gwani a tsakaninsu. Ana sake ƙera sakin layin ne yadda kowace magana za ta koma bakin mai ita: majiyoyin Kano sun ce kaza, tarihin Kazaure ya ce kaza, masu bincike na baya sun auna su kaza, kowanne da lambar madogararsa. Abin da duka suka yarda da shi, kamar shekaru da sunaye, shi kaɗai ake faɗa kai tsaye. In an kasa daidaitawa a kira edita na uku da ba ruwansa. In hannaye suka ƙi tsayawa, mai gudanarwa, wanda suke kira admin, ya kulle shafin na ɗan lokaci. Ba ya yanke hukuncin wa ke da gaskiya, ƙofa kawai yake rufewa har a gama magana. Wani saɓanin kuwa sai da ƙuri'a: editocin Turanci sun daɗe suna ja-in-ja a kan sunan wani birni a Poland, Gdansk ko Danzig, sai a 2005 suka kaɗa ƙuri'a suka raba sunayen bisa zamani.

Lokacin zaɓe aikin kan ninka. Yankin nan ya fitar da gwamnoni biyu, Saminu Turaki na Kazaure daga 1999 zuwa 2007, da Muhammad Badaru Abubakar na Babura daga 2015 zuwa 2023, kuma shafin duk wani ɗan siyasa yana jan masoya da 'yan adawa. Dokar rubutu a kan rayayyen mutum ta fi kowace tsauri: zargin da ba hujja ana cire shi nan take ba sai an tattauna ba. Kirari ma ba ya kwana. Edita zai share "gwarzo" da "jagoran talakawa" da hannun da ya share ƙazafi, ya bar muƙami da shekara da aikin da jarida ta tabbatar.

In an cimma matsaya, ba a goge muhawarar. Tana nan a shafin tattaunawa da sa hannun kowa, ta yadda in wani ya zo bayan shekara biyu zai tayar da maganar Ɗan Tunku da Dabo, za a nuna masa inda aka tsaya, a tambaye shi ko ya zo da sabon littafi. Editan kuma ya danna ɗan tauraron da ke saman muƙalar, ta shiga jerin shafukan da yake sa wa ido, duk wanda ya taɓa ta zai gani a jerin, ya buɗe ya kwatanta sabon gyaran da tsohon.