Fiyano Ta Maye Gurbin Kalangu: Wa Zai Ƙera wa Kiɗan Hausa Na'urarsa?

Kiɗan zamani na Hausa a situdiyo aka haife shi, ungozomarsa kuwa baƙuwa ce. Tun shekarun 1990, da situdiyoyin Kano irin su Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha, waƙar fim ta ɗauki sautin da muka san ta da shi yau. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari mai zurfi a kan wannan sauyi, wanda ya ƙara ƙarfi bayan fim ɗin Sangaya na 1999. Mutum ɗaya da yatsunsa goma ya ɗauke aikin da a da sai an tara mai kalangu da mai ganga da mai sarewa.

Sai kuma Auto-Tune ta biyo baya, manhajar daidaita murya da Andy Hildebrand ya fitar a Amurka a 1997. Ta zama tambarin waƙoƙin nanaye, har Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, da ita ya naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Waɗannan kaya sun buɗe wa matasa da yawa hanyar abinci, amma an yi asara a ciki. An gina fiyano a kan matakan sauti goma sha biyu tsayayyu. Kalangu kuwa magana yake yi: makaɗi ya matse igiyoyinsa a hammata, sauti ya hau ya sauka daidai da karin harshen Hausa. Haka kukuma take sulalewa tsakanin sauti da sauti. Abin da fiyano ke bayarwa kwaikwayo ne busasshe, shi ya sa kunnen da ya saba da makaɗan Shata ba ya ƙoshi da shi.

A nan na'urar sarrafa sauti mai karɓar manhaja take da amfani. Ƙaramin akwati ne da ake sawa tsakanin kayan kiɗa da lasifika. Sauti ya shiga, a mayar da shi lambobi, ƙaramar kwamfuta ta ƙara masa amsa-kuwwa ko kauri ko zaƙi, ya fito kafin kunne ya ji jinkiri. Tsofaffin akwatuna aiki ɗaya suka iya. Wannan kuwa duk salon da aka rubuta aka loda masa, shi zai yi. Ba ya korar makaɗi, ƙara masa murya yake. Gurmi irin na Haruna Uji ko kuntigi irin na Ɗanmaraya zai iya cika filin biki ba tare da ya rasa asalinsa ba.

Kamfanin da zai ƙera irin wannan ba ya buƙatar katafaren gini. A Kano, Bompai, wadda ta fara tun zamanin Turawa, da Sharada da Challawa, sun saba da manyan masana'antun saƙa da jima da roba, kuma da yawansu sun durƙushe bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 da matsalar wuta. Amma masu zuba roba na nan, za su iya fitar da kwanson akwatin. Samarin kasuwar waya ta Farm Centre da masu gyaran amfilifaya na Sabon Gari sun ƙware a aikin dalma a kan allon lantarki. Jami'ar Bayero na yaye injiniyoyi masu rubuta manhaja. Sannan ɗan Kano ya san abin da mai zane a Japan bai sa a lissafi ba: ƙurar hunturu, zafin bazara, wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ƙona kaya, da bikin ƙauye da batir ko sola kaɗai ke riƙe shi.

Hanyar dai ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Ƙwaƙwalwar na'urar daga Sin za a sayo ta da dala. Kamfanin MOD Devices mai ƙera irin wannan akwati, wanda ya faro daga Brazil ya koma Berlin, ya tara jari daga hannun jama'a ta Kickstarter a 2014, ya yi suna, amma ƙarancin kayan haɗi a duniya ya taimaka wajen karya shi a 2022, sai da aka sake kafa shi da sabon suna. Darasin a fili yake: mai ƙera na'ura yana sa kuɗinsa tun kafin ya ga mai saye, don haka sai ya fara da kaɗan, ya kuma san wa zai sayar wa. A nan masu sayen ba ɓoyayyu ba ne: mawaƙan biki, sha'irai masu mandiri, situdiyoyin Zoo Road, da masu hayar lasifika daga Kano har Maraɗi.

Jarin gaskiya na irin wannan kamfani yana hannun tsofaffin makaɗa da suka rage. Injiniyan da bai zauna da mai kotso ya fahimci inda sautinsa ke lanƙwasa ba, kwafin kayan waje kawai zai yi, kuma a farashi ba zai ja da Sin ba. Abin da Kano za ta sayar wanda babu mai shi sai ita shi ne sanin kunnen Bahaushe, kuma ya kamata a naɗe wannan sani a mayar da shi manhaja tun masu shi suna raye.